Hutun Kan Kogi: Daga Zambezi Zuwa Namu Volta

Gaisuwa ga mutanen Tamale da kewaye, da na Savelugu, Walewale, Bolga da Bawku, da 'yan'uwa na ƙetaren iyaka a Burkina da Togo, duk inda muryarmu ko wannan takarda ta iske ku.

A makon jiya wani mai sauraro daga Bawku ya turo mana bidiyo ta WhatsApp. Mutum takwas ne a cikin jirgin roba, kowa da hular kwano, ruwa yana ta wurgi da su, can sai jirgin ya kife baki ɗaya, kawunansu suka ɓullo ɗaya bayan ɗaya suna ta dariya. Ya rubuta a ƙasa: "Anti, waɗannan gudun me suke yi? An ce mini wai kuɗi suka biya." To ɗan'uwa, wanda ya faɗa maka bai yi ƙarya ba. Kuɗi suka biya, kuma ba kaɗan ba. Yau zan gaya muku abin da suke saye da kuɗin nan, domin ya shafe mu fiye da yadda ake tsammani.

Wurin da ya fi suna a Afirka wajen wannan wasa shi ne kogin Zambezi, a kan iyakar Zambiya da Zimbabwe. A can kogin yake zubowa daga tsayin mita 108, wurin da Turawa ke kira Victoria Falls, mutanen ƙasar kuwa suna ce masa Mosi-oa-Tunya, wato hayaƙi mai tsawa. Da ruwan ya faɗo sai ya matse a cikin wani kwazazzabo mai zurfi na baƙin dutse, sunansa Batoka. Ka ƙaddara kogi mai faɗin fiye da kilomita ɗaya da rabi an tura shi cikin lungu. Duk inda ya yi karo da duwatsu sai ya yi fari fat da kumfa, yana tafasa kamar tukunya a kan murhu. Irin waɗannan wuraren tafasa sun fi 20 a jere, kowanne da lambarsa da sunansa. Wani kamfanin Amurka mai suna Sobek ne ya fara ratsa su da jiragen roba a 1981, daga nan abin ya zama sana'a a garuruwan Livingstone da Victoria Falls.

Akwai tafiyar yini guda, wadda kuɗinta ya haura dala 100 ga mutum ɗaya. Akwai kuma ta kwana biyu, ta kwana biyar, har ta mako guda, inda ake yini a kan ruwa, a kwana a kan yashin gaɓa. Ana yin doguwar tafiyar ne idan ruwa ya ja baya, daga wajejen Agusta zuwa Disamba. Kun ga abin mamaki, lokacin da nasu kogin ke raguwa, a lokacin namu yake cika ya batse.

To, yaya yinin yake? Kafin a taɓa ruwa, sai an zaunar da kowa an yi masa karatu. A ba ka rigar ceto, wadda ke hana mutum nutsewa, jagora ya ja igiyoyinta da hannunsa ya tabbatar ta kama ka sosai, domin sakakkiyar riga ruwa yakan zare ta ta ka. A ba ka hular kwano saboda duwatsu, a ba ka filafilin tuƙi. Sannan a koya maka abin yi idan ka faɗa ruwa: ka kwanta rigingine, ƙafafunka su fuskanci inda ruwa ya nufa, kada ka yi ƙoƙarin tsayawa da ƙafa a cikin ruwa mai gudu, don ƙafa takan maƙale tsakanin duwatsu, ruwa ya danne mutum. A gaban jirgin kuma akwai wasu gwanaye a cikin 'yan ƙananan jirage na mutum ɗaya, ba su da wani aiki sai jiran wanda ya faɗo su tsamo shi.

An kasa ƙarfin tafasar ruwa mataki shida. Na ɗaya yaro ma ya wuce, na biyar sai da ƙwararren jagora, na shida kuwa ba a shiga da baƙi. A Zambezi, idan an zo wuri mai lamba 9, fasinja sauka suke yi su zagaya ta kan duwatsu da ƙafa. Mutum ya biya ɗaruruwan daloli, amma jagora ya ce masa sauka, ya sauka ba gardama. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Da la'asar a nemi yashi mai tudu, a kafa tantuna nesa da bakin ruwa, a hura wuta a dafa abinci. Akwai jirgi na daban da ke ɗauke da kaya da abinci da akwatin magani. Inda ruwa ya kwanta lumui ba a yin wanka sai jagora ya yarda, domin a irin wurin nan kada yake zama. Da safe a kwashe shara duka a tafi da ita.

Wannan sana'a tana da babban abokin hamayya, wato madatsar ruwa. A Jinja ta ƙasar Yuganda, inda ake irin wasan a kan kogin Nilu, madatsar Bujagali da aka gama a 2012 ta shanye wasu wuraren tafasa mafi suna, ta Isimba kuma da aka buɗe a 2019 ta ƙara shanye wasu. A Batoka ma Zambiya da Zimbabwe suna da shirin gina madatsa mai ƙarfin megawat 2,400. Jama'a na bukatar lantarki, masu jirage na bukatar abinci. Mu ma mun san irin wannan ciniki, tun da madatsar Bui a kan Baƙin Volta, wadda aka buɗe a 2013, ta ba mu megawat 400, ta kuma tashi ƙauyuka, ta mamaye wani ɓangare na dajin da dorina ke zaune.

Yanzu mu dawo gida. Ƙasarmu ta arewa shimfiɗaɗɗiya ce, kogunanmu ba sa tafasa irin na Zambezi. Amma wanda ke son ya yini a kan ruwa ya kwana a gaɓa, ba sai ya nemi biza ba. A Jihar Upper West, yamma da garin Wa, akwai Wechiau, inda sarakunan yankin da jama'arsu suka keɓe kilomita 40 na gaɓar Baƙin Volta don kare dorina, tun ƙarshen shekarun 1990. A wurin, kogin shi ne iyaka: wannan gaɓa Ghana, waccan Burkina, inda ake kiransa Muhun. Mazauna yankin sun haɗa da Wala, Dagaba, Birifo, har da Hausawa masu kamun kifi. Kuɗin da baƙi ke biya yana komawa ga al'umma, an haƙa rijiyoyin burtsatse, an gina makarantu, an sa fitilun hasken rana. A 2008 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba su lambar yabo ta Equator saboda wannan aiki.

Na je da rani, ni da ƙawayena biyu da yayan ɗayarsu, muka yi kwana biyu. Daga Tamale muka bi ta Damongo da Sawla zuwa Wa, washegari muka ƙarasa. Da sassafe aka sa mu a kwale-kwale na katako, wani dattijo yana tuƙi, jagora yana gaba. Ba ƙarar inji, sai kukan tsuntsaye da motsin filafili. Can jagora ya nuna mana wasu abubuwa kamar duwatsu a tsakiyar ruwa. Sai dutse ɗaya ya kaɗa kunne, ya fesar da ruwa ta hanci. Wallahi sai da cikina ya ɗuri ruwa. Dorina ciyawa take ci, amma ba ta da wasa, musamman mai ɗa. Dattijon bai yarda ya matsa kusa ba, ko da ƙawata ta roƙe shi don hoto.

Rana ta fara zafi, rigar ceto ta dame ni, ga shi kuma ta ɓata mini kwalliya. Sai na kwance ta na ajiye a gefe. Ban ankara ba sai na ji jirgi ya tsaya. Dattijon ya ɗora filafili a cinyarsa ya ce, "'Yata, mayar da rigarki."

Na ce, "Baba, ai ruwan a kwance yake."

Ya ce, "Na kwancen nan shi ya fi cin mutane. Na fi shekara arba'in a kansa, ga tawa a jikina."

Na mayar, kunya ta rufe ni. Da dare muka kwana cikin gidan sauro a kan wani dandamali da aka ɗaga sama kusa da kogi, muna jin gurnanin dorina a cikin duhu, domin da dare suke fitowa kiwo. Ruwan alwala ma da guga ake ɗebowa, a ja baya daga gaɓa kafin a tsuguna.

Bayan wata biyu da wannan tafiya, aiki ya kai ni wata mashiga a kan Farin Volta, ba zan faɗi sunanta ba, ranar kasuwa. Na ƙirga mutum 23 a cikin kwale-kwale ɗaya, da babura biyu, da buhunan masara, da awaki, da mata masu goyo. Tsakanin bakin jirgi da ruwa bai fi taƙi ɗaya ba. Rigar ceto ko ɗaya babu. Na tambayi mai fito, ya yi dariya ya ce, "Hajiya, ai wannan rigar ta Turawa ce." Ni ma na shiga, don ina sauri. Har muka ƙetare bakina bai bar salati ba.

Jama'a, abin da ya kawo ni ke nan yau. Baƙon da ya je Zambezi don nishaɗi, abin da ya saya da dalolinsa riga ce, da hula, da igiya, da mai tsamo shi, da jagoran da ke da ikon ce masa sauka. Shi ya sa jirginsa ke kifewa ya taso yana dariya. Mu kuwa da muke shiga ruwa don dole, zuwa gona, zuwa kasuwa, zuwa makaranta, zuwa asibiti da mai naƙuda, ba mu da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Kakanninmu fatake da suka yi ta ƙetare Volta da goro tsakanin Salaga da Yeji ba su san rigar ceto ba, gaskiya ne, amma a zamaninsu babu babur a cikin jirgi, babu kuma madatsar da za a buɗe ruwa ya taso dare ɗaya.

Ga shi damina ta yi nisa. Kusan kowace shekara, a watan Agusta ko Satumba, kamfanin lantarki na Burkina, SONABEL, yakan buɗe ƙofofin madatsar Bagre idan ta cika, ruwan ya biyo Farin Volta, wanda can ake kira Nakambe, ya ratsa ƙasar Bawku da Mamprusi, ya wuce Nawuni inda ake jawo wa Tamale ruwan famfo, ya nufi Daboya da Yapei. Hukumar NADMO takan yi shela, mu ma mukan maimaita a wannan tasha. Waɗanda suka ga ambaliyar 2007 ba sa bukatar a tuna musu. Mashigar da ka saba ƙetarewa ruwa iya gwiwa, bayan an buɗe Bagre sai ta shanye mutum har da hannunsa a ɗage. A tafkin Volta kuma, wanda madatsar Akosombo ta haifar a 1965, har yau akwai kututturan itatuwa a ƙarƙashin ruwa suna fasa jirage.

Don haka ga roƙona. Kai fasinja, idan ka ga jirgi ya cika, jira na gaba, kasuwa ba za ta gudu ba. Kada ka shiga da dare ko hadari ya haɗu. Uwa mai goyo, kwance yaron daga bayanki ki riƙe shi a gaba kafin jirgi ya tashi. Idan jirgi ya kife, kama jikinsa, domin katako yakan yi iyo. Idan wani ya faɗa, miƙa masa gora ko igiya, ko ka jefa masa jarka wadda ba kowa a cikinta a rufe da murfi, kada ka faɗa bayansa in ba ka iya ruwa sosai ba. A Ghana lambar gaggawa ita ce 112.

Ku kuma iyayenmu masu fito da sarakunan ruwa, ku ne jagororinmu. Ku ƙayyade adadin da kowane jirgi zai ɗauka, ku rubuta a jikinsa, wanda kuka ce ya sauka ya sauka, ko waye shi. Ƙungiyoyin matasa na zango da ke tara kuɗin anko da na ƙwallo, ku yi karo-karo ku saya wa mashigar garinku riguna ko da goma ne, ku kuma matsa wa ɗan majalisar gundumarku da Hukumar Kula da Sufurin Ruwa ta Ghana su ƙaro. A fara da 'yan makaranta.

Wanda kuma Allah ya hore wa ɗan abin hutu, ya bari sai rani, daga Nuwamba zuwa gaba, lokacin da ruwa ya ragu dorina ke fitowa fili, ya je Wechiau ya ga ikon Allah. A tafi da gidan sauro, da tocila, da ruwan sha, da takalmin da ba ya zamewa, a kuma bi maganar mai jirgi.

Ɗan'uwa na Bawku, ina fata ka samu amsarka. Ku ci gaba da turo mana labarin mashigar garinku: jirage nawa, riguna nawa, wa ke kula. Za mu karanta su a shiri na gaba. Allah ya tsare mu, ya tsare yaranmu, ya sa a gama damina lafiya.