JAWABI BISA DIYYAR MAI HAYA DA MAI ARON GONA

Iyayenmu dattawa, 'yan uwa 'yan cin rani da kunka zo daga Yamai, Kwatano da Legas, barkanku da zuwa. Mu ƙanana ne a gabanku, aikinmu alli da allo. Amma mun karanta wasu takardun gwamnati da Faransanci, mun ga bai kamata mu yi shiru ba.

Tambayar ita ce: in gwamnati ta amshi hili don hanya, ko lakwal, ko baraji, mai hili za a ba shi diyya. To, wanda ke haya cikin gidan, ko mai noman gonar aro, mi ne ne nashi?

Ga abin da doka ta ce. Dokar 24 ga Nuwamba 1961 ta hana a amshe ma mutum dukiya sai don amfanin jama'a, kuma sai an biya shi diyya ta adalci tun kahin a tashe shi. A 2008 anka yi mata gyara: in aiki zai tada jama'a, tilas a yi bincike, a ƙidaya waɗanda abin ya shahwa, a tsara inda za su koma.

Misali na nan cikin jiharmu ta Tilaberi. A 2008 shugaba Tanja Mamadu ya aza tubalin barajin Kandaji. Kashin hwarko, mutum hiye da 5.000 anka tayas. Kashi na biyu ya haɗa da garin Ayeru da dubban mutane goma-goma. Bankin Duniya na cikin masu ba da kuɗɗi, kuma ƙa'idarshi ita ce ko wanda ba shi da hili a taimake shi wajen ƙaura, muddin an rubuta sunanshi lokacin ƙidaya. Wanda ya zo bayan an ruhe rajista, ba shi da komi.

Nan ne tsoronmu yake. Ranar da masu ƙidaya za su zo, ɗan Kurhwai na ina? Yana bakin teku wajen nema. Gonar da ya shekara ashirin yana noma, aro ce ta baki da baki, shaidun kuma wasu sun riga mu gidan gaskiya. Ɗakin da yake haya a Yamai, ba ya amsar rasit. Sai a rubuta mai gida shi kaɗai.

Don haka muna roƙon abu ukku:

1. Aro, haya ko jingina, a rubuta. Tun dokar karkara ta 1993 akwai hukumar hilaye da ake ce ma Kofo, daga ƙauye har departama, kuma Abala ta zama departama tun 2011. Ba sai an tahi Hilinge ba.

2. Mai haya a birni shi amshi rasit kowane wata, shi adana.

3. Mai tahiya shi bar wakili da takardar shaidarshi.

Iyayenmu, mun san wasu na ganin takarda tsakanin dangi rashin yarda ce. A gahwarce mu. Takardar aro tana kare mai gona ma, don tana shaida gonar tashi ce, ta hana ɗiyanmu shari'a bayan ranmu. Mai bukatar a karanta mishi ko a rubuta, shi same mu lakwal bayan la'asar, ba mu amsar ko dala.

Allah shi ba mu damana mai albarka, shi maido matahiyanmu lahiya.