Ladi Kwali da Darajar Yumɓu

Matar da ke bayan takardar naira 20 Ladi Kwali ce, maginiyar tukwane da ta riƙa zana ƙadangare da kunama a jikin tulu. A gida ta koya tun ƙuruciya, sannan a 1954 ta shiga cibiyar koyon ginin tukwane ta Michael Cardew a tsohuwar Abuja, wato Suleja. Ba ta yi boko ba, amma ta nuna wa ɗalibai aikin har Amurka, Jami'ar Ahmadu Bello kuma ta ba ta digirin girmamawa a 1977. Wasu na cewa roba ta kashe kasuwar yumɓu. To, wace roba ke sanyaya ruwa kamar randa, ba lantarki? Masu koyarwa ne suka yi ƙaranci. Hukumomi, ku saka ginin tukwane a makarantun koyon sana'a.