CIKIN DOKI DA GARIN DA AKE SAYO MASHI DAGA BIRNI
Jawabin kwamitin kiwo a babban taron ƙungiya

 

Maigari, liman, iyayenmu dattawa, ƴan'uwanmu da sunka zo daga Yamai, da Kano, da Legas, da Abijan, da ku waɗanda ba ku samu zuwa ba amma takardar ga za ta iske ku, muna gaishe ku da kyau. Allah shi saka wa kowa da alheri.

Maganar da kwamiti ya ɗora mamu yau maganar doki ce. Kun san abin da ya faru bara, sati biyu kafin babbar salla. Ɗaya daga cikin iyayenmu ya rasa dokinshi, aharas ɗin nan da ke gaba in mun tafi hawa. Mun nemi izininshi kafin mu ambaci zancen, ya ce mu faɗa don kowa shi ƙaru. Ɗanshi ya aiko da kuɗi daga wurin cin rani, da wata roba ta gari mai hoton doki, ya ce a gyara dokin baba kafin salla. Yara sunka sayo gero. Dokin da ya saba da rabin tiya, anka koma zuba mashi tiya biyu cikin dare, ana barbaɗa garin nan bisa, an dogara da shi. Daren na huɗu doki ya kama birgima, kafin asuba ya mutu. Wasu sunka ce baki ne, wasu sunka ce garin ne ya kashe shi. Likitan dabbobi da ya duba ya ce hatsi ne ya yi yawa. Ɗan nan alheri ya yi nufi, kuma guminshi ne ya tafi. Don kada haka ta sake faruwa munka je munka yi tambaya, ga abin da munka samo.

1. YADDA CIKIN DOKI YAKE

Doki ba ya tuƙa kamar saniya, kuma ba ya iya amai. Abin da ya haɗiye sai ya bi hanya har ƙarshe. Tumbinshi ƙarami ne bisa ga girman jikinshi, abin da yake ɗauka bai wuce lita 8 zuwa 15 ba. Daga nan abinci shi bi ƙaramin hanji, mai tsawon mita 20 ko kusa, sannan shi faɗa babban hanji, wanda ke ɗaukar fiye da lita 100 in an haɗa sassanshi.

Cikin babban hanjin nan Allah ya zuba wasu ƙwayoyi masu rai, waɗanda ido ba ya gani, ba su ƙirguwa. Su ne ke narkar da ciyawa, su mai da ita ƙarfin da doki ke sukuwa da shi. In suna lafiya, doki na lafiya. In hatsi ya yi yawa a ci ɗaya, ƙaramin hanji ba ya iya gamawa da shi, sai saura shi gangara babban hanji shi yi tsami. Tsamin nan shi kashe ƙwayoyin da ke cin ciyawa, iska ta taru, ciki shi kumbura. Daga nan ake samun ciwon ciki, da zawo, da ciwon kofato wanda ke hana doki taka ƙasa.

Dattawa sun san ɗan doki sabon haihuwa yakan ci ɗanyen kashin uwarshi cikin satuttukan farko. Kada a kore shi. Ta nan yake samun ƙwayoyin da zai rayu da su.

2. MENE NE GARIN NAN

Garin da ake sayarwa iri biyu ne. Bisa robar za ku ga an rubuta Probiotique ko Prébiotique in daga ƙasashen Faransanci ta zo, in ta Nijeriya ko Gana ce rubutun na kusa da haka.

Na farko, forobiyotik, ƙwayoyi ne masu rai da anka busar, ana ba doki don su taimaki na cikinshi. Iyayenmu mata sun san irin wannan aiki. In za su yi nono, sai su ɗiga tsohon nono cikin sabuwar madara, kafin safiya ta kama. Wanda ya fi yawa a garin dawaki shi ne yis, dangin wanda masu burodi ke sa wa kwaɓi shi tashi. Sunanshi bisa roba Saccharomyces cerevisiae. Akwai kuma masu ɗauke da irin ƙwayoyin nono, sunansu na farawa da Lactobacillus.

Na biyu, firebiyotik, ba shi da rai. Abinci ne wanda dokin da kanshi ba ya narkarwa, sai ƙwayoyin hanji su ci su yaɗu. Ana rubuta shi FOS, ko MOS, ko inuline.

Mu manoma ne, mu riƙe shi haka: na farko iri ne, na biyu taki ne. Ciyawa da ruwa su ne gonar. Wanda ba shi da gona, iri da taki ba su yi mashi komai.

3. ABIN DA MASU BINCIKE SUNKA GANI

Mai talla zai ce maku garin na sa ƙiba, da sheƙin gashi, da gudu, yana kashe tsutsa, yana hana ciwon ciki. Wanda ya ce magani ɗaya na yin duka wannan, kuɗinku yake so.

Abin da ya fi samun shaida shi ne yis mai rai. An ga yana taimaka wa doki narkar da ciyawa, yana rage tsamin hanji ga dokin da ake ba hatsi. Taimako ne kaɗan, ba ya hana hatsi mai yawa yin ɓarna. Ƙwayoyin nono kuwa shaidarsu ga doki ba ta da ƙarfi. A ƙasar Kanada, a shekarar 2005, likitocin jami'ar Guelph sun gwada wani irinsu ga ƴaƴan dawaki sabbin haihuwa don hana zawo, sai waɗanda anka ba sunka fi waɗanda ba a ba ba yin zawon. Saboda haka ɗan doki mai shan mama kada a ba shi komai sai da izinin likita.

A jami'ar nan kuma, a 2011, an auna irin garin nan guda 25 da ake sayarwa don dabbobi. Guda 15 ne kaɗai sunka rubuta yawan ƙwayoyin da ke ciki, kuma cikinsu 4 ne kaɗai abin da ke ciki ya kai abin da anka rubuta. To, wannan a ƙasar sanyi ke nan. Ku duba robar da ta ƙetare teku, ta kwana bisa mota, ta zauna rumfar kasuwa cikin bazara, lokacin da zafi ke wuce digiri 40. Abu mai rai zafi na kashe shi. Sau da yawa gawar ƙwayoyi mutum ke saye da tsada.

4. IN ZA A SAYA, ABUBUWA BAKWAI

Na ɗaya, a ga an rubuta don doki anka yi shi. Garin kaji ko na shanun turka kada shi kusanci barga. Cikin wasunsu akwai wani magani, monensin, wanda kaɗan daga cikinshi ke lalata zuciyar doki har shi mutu.

Na biyu, a ga cikakken sunan ƙwayar. Robar da ta ce “ƙwayoyi masu amfani” kawai, babu suna, a aje ta.

Na uku, a ga yawansu. Ana rubuta lamba, bayanta UFC da Faransanci ko CFU da Ingilishi. Ma'anarta ƙwayoyin da ke da rai. Mai kyau yakan faɗi yawan da zai rage har ranar da garin zai lalace.

Na huɗu, a duba ranar lalacewa, da sunan masana'anta da inda take. In an kankare ko an liƙa wata takarda bisa, a bari.

Na biyar, a duba inda mai kanti ya aje shi. A saya a farmasin dabbobi, wurin da ke da inuwa. Wanda anka rubuta a sa shi firigo bai dace da ƙauyenmu ba. Wanda ake aunawa da cokali cikin leda a kasuwa, babu mai sanin abin da ke ciki. Araha ba ta ado.

Na shida, a sayi ƙaramar roba, wadda za ta ƙare cikin wata ɗaya ko biyu. A gida a rufe ta da kyau, a aje ta ɗakin ƙasa kusa da randa, nesa da rana da laima. Kada a dama garin da ruwan zafi.

Na bakwai, a bi awon da anka rubuta. Ninka shi ba ya ninka amfani, kuma firebiyotik in ya yi yawa yana sa iska da zawo.

5. YAUSHE YAKE DA AMFANI

Dokin da ke cin ciyawarshi, kashinshi na fita dunƙule, gashinshi na sheƙi, ba ya bukatar garin nan. Inda za a iya tunanin saye shi ne: bayan likita ya yi wa doki allurar antibiyotik, don tana kashe ƙwayoyin hanji tare da na cuta, ko in za a yi doguwar tafiya da shi cikin mota, ko lokacin sauya abinci, ko tsohon doki da ke ramewa. Ko a nan ma a fara tambayar ma'aikacin sarwis ɗin kiwo. A gwada wata ɗaya, ana duban kashi da ci da jiki. In babu bambanci, a daina.

Dokin da ke ramewa kuwa, kafin a zargi hanji a duba abu uku. A duba haƙora, don tsohon doki haƙoranshi kan yi kaifi su yanke kunci, ka ga yana zubar da abinci daga baki. A duba tsutsar ciki, wadda ke da maganinta dabam wurin likita. A duba rairayi. Ƙasarmu jigawa ce, dokin da ake zuba wa abinci ƙasa yana haɗiyar rairayi kullum har shi taru shi toshe hanji. Gwajin ba wuya: a ɗauki kashi daga saman tulin, wanda bai taɓa ƙasa ba, a dama shi da ruwa cikin farar leda, a rataye. In akwai rairayi zai kwanta ƙasan leda.

6. ABIN DA YA FI GARIN

Dokinmu mai kilo 300 na bukatar busasshiyar ciyawa kilo 5 zuwa 6 kowace rana, harawa da gadagi da ciyawar daji a gauraye. A raba mashi dare da rana, don dokin da ke sake yakan yi awa 16 yana kiwo, cikinshi bai saba zama wofi ba. Harawar da ta yi fumfuna a zubar.

Hatsi kada shi wuce kilo 1 a ci ɗaya. Tiyar gero ta kai kilo 2 da rabi, kun ga ko rabin tiya ya ɗan wuce. In ana son ƙari, a raba sau uku, a ɓarza shi, a fara ba da ciyawa kafin hatsi. Duk wani sauyi, ko ƙarin gero, ko dusa sabuwa, ko ɗanyar ciyawar farkon damana, a shigo da shi kaɗan kaɗan cikin kwana 10 zuwa 14, don ƙwayoyin hanji su saba. Wanda ke son dokinshi shi yi kyau ranar hawa, shi fara wata biyu kafin salla. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ruwa lita 25 zuwa 40 a rana, cikin bazara ya fi haka. Bidon ɗaya bai isa ba. A ba shi gishirin lasa. A zuba abinci cikin kwami ko rabin tano. Kullum a kwance shi daga turke shi motsa, don tafiya na motsa hanji.

In kun ga doki na tonon ƙasa da ƙafa, yana waiwayen cikinshi, yana zufa, yana kwanciya yana tashi, ko ya daina kashi, a ɗauke abinci nan take, a ja shi a hankali, a kira likita. A lokacin nan garin roba ba ya ceto. Kada kuma a ɗura mashi komai ta hanci, yana iya faɗawa huhu.

7. SHAWARAR KWAMITI

Iyayenmu, kiwon doki a wurinku munka gada, kuma yawancin abin da likitoci sunka faɗa mamu mun taɓa jin shi daga bakinku. Roƙonmu shi ne ku riƙa tsayawa bisa yara lokacin awon hatsi.

Ƴan'uwa ƴan cin rani, mun san abin da kuke sha kafin ku tara abin aikowa. Muna ba da shawara uku, taro shi duba.

Wanda ya ga irin garin nan yana son saye, shi ɗauki hoton gaba da bayan robar da salula, shi aiko wa kwamiti, mu nuna wa likita kafin shi biya.

Wanda ke son yi wa dokin gidansu hidima, shi aiko da kuɗin da kaka, lokacin da harawa ke araha. Mu saya tare, mu jibge bisa rumfa, kowane gida da rabonshi a rubuce cikin kaye.

Sau biyu a shekara, farkon damana da bayan girbi, mu tara dawakin gari rana ɗaya, mu kira ma'aikacin kiwo shi duba haƙora da tsutsa, asusun ƙungiya shi biya kuɗin man babur ɗinshi.

Wanda ke da gyara ko ƙari, fili nashi ne. In mun yi kuskure a gafarce mu. Allah shi mayar wa babanmu da abin da ya fi wanda ya rasa, shi tsare mamu dabbobinmu, shi mai da matafiya gida lafiya, shi ba mu damana mai albarka. Amin.