Ciwon Kan da Ba a Jira a Tashi Makaranta



Dukkanmu mun san ciwon kan da ke zuwa bayan azahar, idan mun wuni muna ɗaga murya a aji, ga zafin bazara, ga ƙishirwa. Maganinsa ruwa da inuwa da barci. Idan ya matsa, a sha farasitamol, amma kada babba ya wuce ƙwaya 8 masu miligiram 500 a kwana guda.

Wanda ya kamata ya tayar mana da hankali shi ne na ɗalibin da ya kifa kai a benci, jikinsa zafi rau, wuyansa ya sandare, yana amai, yana gudun haske. Manyanmu ba su manta da annobar sanƙarau ta 1996 ba, wadda ta hallaka fiye da mutum 11,000 a Najeriya, ta kuma yi wa Kano mummunar ɓarna. Wannan cuta takan yi kisa cikin kwana ɗaya. Saboda haka mu aika wa iyayensa, a garzaya da shi Babban Asibitin Bici nan take.

Mu ma, idan matsanancin ciwon kai ya faɗo mana farat ɗaya, ko ya zo da karkacewar baki ko mutuwar hannu, kada mu tsaya a kemis, mu wuce asibiti.