Dattin Bututun Bindiga: Abin da Ke Faruwa Bayan Harbi

Maganar da nake son kafawa a yau ita ce, bindiga ba ta lalacewa lokacin harbi kamar yadda take lalacewa a daren da aka jingine ta ba a goge ba. Baƙin albarushin da maharbanmu ke ɗurawa haɗi ne na gawayi da farar wuta da wani gishiri mai ciyar da wuta, kuma idan ya ƙone fiye da rabin nauyinsa ba ya zama iska, toka yake bari. Tokar nan tana shan laima, ta koma ruwa mai cin ƙarfe, shi ya sa a damina tsatsa kan kama bututu kafin gari ya waye. Mai kaɗai ba ya narkar da ita; sai ruwan zafi, a shanya sosai, sannan a shafa mai kaɗan. Albarushi marar hayaƙi, wanda Paul Vieille ya ƙirƙiro a Faransa a 1884, ya rage tokar ƙwarai, amma harsashi yana barin ɓurɓushin dalma ko tagulla a tsagogin cikin bututu da ke murɗa shi, har saiti ya fara kaucewa.

Wani zai ce ai bindigar zamani ta wuce wannan. Sojojin Amurka sun taɓa yarda da haka, kuma sun biya da rayuka. An kai musu bindigar M16 a Biyetnam da raɗe-raɗin cewa tana wanke kanta, da yawansu ba a ba su kayan gogewa ba. Aka kuma sauya albarushin da aka tsara ta da shi zuwa wani mai yawan datti, alhali ita bindiga ce da ke mayar da iskar harbi kai tsaye cikin injinta. Zafi da laimar kurmi suka ƙarasa aikin: kwanso ya riƙa maƙalewa ana tsakiyar artabu. Kwamitin majalisar wakilai ƙarƙashin Richard Ichord ya bincika a 1967, aka shafe mazaunin harsashi da kurom, aka raba kayan gogewa. Masu kafa hujja da AK-47 cewa ba ta bukatar gogewa kuwa, su duba ƙarƙashin bututunta, za su ga sandar gogewa, a gindinta kuma akwai ɗan rami na ajiye burushi. Da ba ta bukata, da maƙerinta bai tanada ba.

Ƙorafi ɗaya ne nake ganin yana da ƙarfi, wato yawan guga ma yana cinye bututu. Gaskiya ne, musamman idan sanda tana gurzar leɓen bakin bindiga, inda ɗan lahani ke karkatar da harsashi. Sai dai laifin na hannu ne, ba na tsabta ba. A fara tabbatar da babu komai a ciki, a shigar da sanda ta baya idan ƙirar ta yarda, a tura tsumma har ya fito fes. Kafin a fita daji kuma a tsane man, a ɗaga bututun a leƙa ta haske, domin zanzaro yakan gina ɗakinsa na laka a ciki, kuma bututun da ya toshe yana iya fashewa a hannun mai shi.