Faifan Free Jazz da Saɓanin Masu Sharhi

A watan Disamba 1960, Ornette Coleman, mabushin saksofon ɗan Amurka, ya haɗa ƙungiyar makaɗa takwas, ya raba su gida biyu, kowane gida da mai gangarsa. Suka yi kiɗan minti 37 a zama guda, kowa na amsa ɗan'uwansa da abin da ya zo masa. Kamfanin Atlantic ya fitar da faifan a 1961 da sunan Free Jazz. A mujallar DownBeat, Pete Welding ya ba shi tauraro biyar, John Tynan ya hana shi ko ɗaya. Tynan ya yi gaggawar hukunci, domin akwai tsari a cikin amsa-amsar, kamar na goge da ƙwarya. Daga baya wannan salon kiɗa ya ɗauki sunan faifan.