Abin da muka gano a Ingila

Jawabi a taron ƙungiya

 Kun nemi labarin Ingila, inda muka je mu malaman lakwal. Ga shi a gajarce.

Ƙasa ce ta ruwa da sanyi. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa a Landan sai bayan ƙarfe 9 na dare. Motoci hannun hagu suke bi, kamar Nijeriya kafin 1972. Dattawan da suka yi fataucin Kano sun san fam da sule. Fam yana nan, amma sun bar lissafin sule tun 1971.

Abu biyu suka ƙayatar da mu. Na farko layi: a tasha ko kanti, mai kuɗi da talaka kowa yana jiran nasa lokaci. Na biyu likita: tun 1948 marar lafiya yana ganin likita ba ya biya, don kuɗin lanho na kowa ne ke ɗaukar nauyin. Karo-karo ke nan, irin wanda muke ta roƙonku don asusun ƙungiya.

Abin da ya dame mu shi ne tsofaffi. Da yawa suna zaune su kaɗai, ko a gidan da ma'aikata ke kula da su, 'ya'ya sun yi nisa wurin aiki. Mu ma da muka baro gida, hanyar nan muke kai in ba mu yi hattara ba. Don haka kowa ya biya nasa kafin damina, kuma ya je ya gaida iyayensa da ƙafarsa.